DARASI: IRIN DA AKA SA WA MAGANI BA ABINCI BA NE

Karatu: Farawa 2:15

'Yan'uwa manoma, Allah ya ba mu ƙasa domin mu noma ta, mu kuma kiyaye ta. Maganin da ake gauraya iri da shi yana hana ƙwari da ruɓa, amma guba ne.

Abin da ya faru a Iraƙi

A shekarar 1971 gwamnatin Iraƙi ta sayo irin alkama da sha'ir daga waje, wanda aka sa wa magani mai zaiba. A wurare da yawa irin ya iso bayan lokacin shuka ya wuce. An rina shi ja, an kuma rubuta gargaɗi a kan buhuna, amma da harsunan da manoman ba su ji. Sai suka wanke jan, suna tsammani gubar ta fita. Waɗansu suka fara ba kaji, da suka ga ba su mutu ba, suka niƙa, suka yi gurasa. Bayan makonni hannuwa da leɓuna suka fara mutuwa, mutane suna tangaɗi, waɗansu suka makance. An kwantar da fiye da mutum 6,000 a asibiti, 459 suka mutu a can.

An daina sa wa iri maganin zaiba, amma magungunan yau ma guba ne. Wanki yana fid da launi, ba ya fid da guba.

Abin da za mu yi

1. Ƙungiya ta sayo iri da wuri, daidai gonakin membobi, don kada ya ragu.
2. Kada a ajiye shi a rumbun abinci ko inda yara za su kai.
3. Ragowa kada a ci, kada a ba kaji ko awaki, kada a kai kasuwa. A mayar wa magatakardan ƙungiya.
4. Kada a zuba hatsi a buhunsa, kada a wanke ƙwaryar shuka a rafi ko bakin rijiya.
5. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci.
6. In wani ya ci, a kai shi asibiti nan da nan, tare da takardar maganin.

Tambayoyi

Wa zai karanta gargaɗin buhu ga waɗanda ba su iya karatu ba? In yunwa ta matsa wa ɗan'uwa da damina, yaya ikkilisiya za ta taimake shi don kada ya ci irinsa?