Kumburin ƙashi: ba kowane ne na maɗori ba

Ƴan uwa manoma da makiyaya, jikin baligi yana da ƙasusuwa 206. Ƙashi abu ne mai rai: jini yana ratsa shi, yana girma, yana kuma kamuwa da cuta. Karaya kowa ya san ta. Amma akwai kumburin da kan fito ba tare da karaya ba. Iri uku za mu duba.

1. Ruɓar ƙashi

Ƙwayoyin cuta ke kawo ta, ta cikin jini ko ta raunin da aka yi wa sakaci, kamar saran gatari. Ta fi kama yara, musamman masu amosanin jini. Yaro zai yi zazzaɓi, wurin ya yi zafi, ya ƙi taka ƙafar. In an gaggauta zuwa likita, maganin ƴan makonni yakan warkar da ita. In an jinkirta, wani sashe na ƙashin ya mutu, mugunya ta yi ta tsiyaya shekara da shekaru.

2. Tsiro marar haɗari

Ƙullutu ne mai tauri kusa da gaɓa, galibi ba ya ciwo. Yana girma tare da yaro, ya tsaya sa'ad da girman yaron ya tsaya. Ba ya yaɗuwa. Duk da haka, likita ne zai tabbatar.

3. Kansar ƙashi

Wannan ita ce mugunyar. Ta fi kama samari da ƴan mata masu shekara 10 zuwa 20. Mafi yawa tana fitowa kusa da gwiwa, wani lokaci a dantse dab da kafaɗa. Ciwo ke fara zuwa, mai zurfi, mai hana barci, wanda hutu ba ya sauƙaƙa shi. Daga baya kumburi ya bayyana, yana ƙaruwa mako bayan mako. Ƙashin yakan rarake har ɗan tuntuɓe ya karya shi. In an bar ta, sai ta bi jini ta kama huhu. Ga manya kuwa, sau da yawa daga wani wuri take tasowa: kansar nono, alal misali, takan sauka a ƙashin baya ko ƙugu.

Abin da ya kamata a yi

Kada a tsaga, kada a yi sakiya ko ƙaho, kada a murza. Ɗori aikin karaya ne, ba ya kashe kansa. Ciwon ƙashin da ya wuce mako biyu, a kai shi likita. Majo zai tura ku babban asibiti a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, a ɗauki hoton ƙashin, in ta kama a yanki ɗan kaɗan a bincika. Cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa tana Yamai. Maganin wannan cuta ƙarin ruwan magani ne da tiyata.

Maigida, kada ka ce sai kaka ta yi. Jiran girbi yana iya cin ƙafar ɗanka, ko ransa. Tunkiya tana mayuwa, ƙafa ba ta mayuwa.

Tambayoyi

1. Su wa ruɓar ƙashi ta fi kamawa?
2. Faɗi alamomi biyu na kansar ƙashi.
3. Don me ba a kai irin wannan kumburi wurin maɗori?