Me Ya Sa Lemonka Yake Zama Dutse A Cikin Firiza?

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Dutse ya san yadda zafi yake. Ka fito daga lacca da ƙarfe biyu na rana, zafi ya haura digiri 40, maƙogwaro ya bushe, babu abin da ranka yake so sai abu mai sanyi. A bara na yanke shawarar in riƙa haɗa daskararren lemon 'ya'yan itace ina sayar wa 'yan ajinmu. Ranar farko na markaɗa kankana na zuba a firiza, washegari na tarar da dutse, ko cokali ba ya shiga. Rana ta biyu na markaɗa da ƙanƙara, kafin in kai aji ya zama tsululu, ba ɗanɗano. Jarina na kwana biyu ya tafi a banza.

Asalin wannan haɗin daga ƙasar Kuba yake. Sunansa daiquiri, sunan wani ƙauye ne kusa da Santiyago, kuma daskararrensa ya yi suna a birnin Habana wajen shekarun 1930. Su da giyar rake suke yi, da lemon tsami da sukari. Mu kuwa ba ruwanmu da giya, addini ya hana, dokar jiharmu ma ta hana. Amma akwai darasin kimiyya a ciki. Ruwa yana daskarewa a digiri 0, ita kuwa giyar sai sanyi ya kai wajen digiri 27 ƙasa da sifili, firizar gida kuma a 18 take tsayawa. Shi ya sa nasu yake zama da laushi. To mu da muka cire ta, sai mu samo abin da zai yi wannan aikin, kuma sukari ne. Sukarin da ya narke yana shiga tsakanin ƙwayoyin ruwa, ya hana su haɗuwa su zama babbar ƙanƙara. Kankana kuwa kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ce, ka ga dalilin da tawa ta zama dutse.

Saboda haka fara da dafa ruwan sukari: kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, ya tafasa, ka sauke ya huce. Kar ka zuba garin sukari kai tsaye a cikin abu mai sanyi, ba ya narkewa, sai ka ji shi ƙaras-ƙaras a haƙori. Ni dai na fi son dabino. Garinmu ya yi suna da shi, ga shi da araha a kakarsa. Ka cire ƙwallon guda goma, ka jiƙa a ruwan ɗumi na awa ɗaya, ka markaɗa. Yana ba da zaƙi, yana kuma ba da kauri, abin da sukari ba ya yi.

Abu na biyu, 'ya'yan itacen za ka daskarar, ba ƙanƙara za ka ƙara ba. Yanka mangwaro nunanne ƙanana-ƙanana, shimfiɗa a faranti, sa a firiza ya kwana. Da safe ka zuba kofi uku a bilenda, da rabin kofi na ruwan sukari ko na dabino, da ruwan lemon tsami biyu, da rabin kofi na zoɓo mai sanyi wanda aka dafa da citta. Markaɗa kaɗan-kaɗan, kana tsayawa. Ɗanɗana tun kafin ka daskarar da komai, domin sanyi yana rage jin zaƙi a harshe. Wanda ya yi daidai yana ɗumi zai yi lami in ya yi sanyi.

Na san za a ce, ina wutar? Gaskiya ne. Ga dabarar da ta cece ni. Sayi ƙanƙarar bulo, farfasa ta a kula, ka zuba gishiri, awo ɗaya ga awo uku na ƙanƙara. Gishiri yana sa ƙanƙarar ta narke alhali sanyinta yana ƙaruwa, har yakan kusanci digiri 21 ƙasa da sifili. Ɗaure haɗinka a leda biyu, ka cusa a ciki, ka yi ta girgizawa kamar minti goma sha biyar. Naɗe hannunka da tsumma, wallahi sanyin yana ƙuna.

Sai dai ita wannan ƙanƙarar ta bulo a waje take tsayawa, kar ta shiga kofi. Ba ka san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cutar taifot ko kwalara gaba ɗaya, wasu suna nan da ransu har ta narke. In kana sayarwa, cikin abokanka ne amana a hannunka. Wanke mangwaron kafin ka sa wuƙa, ka yi amfani da tafasasshen ruwa, wanda ya narke ya wuni a zafi kuma a zubar, kar a mayar da shi firiza don gobe.