Matakan Gano Asalin Dalma a Ruwan Rafin Romi

Rafin Romi yana bi ta kusa da matatar man Kaduna kafin ya faɗa Kogin Kaduna, kuma da shi masu lambu ke ban ruwa da rani. Tun bayan abin da ya sami yaran Zamfara a 2010 ba mai wasa da gubar dalma. Sai dai samun ta a ruwa daban, sanin inda ta fito daban: tsohon batirin mota ne, ragowar fetur ɗin da mai dalma a ƙurar titi, ko kuwa dutsen wurin?

Dalma 'yan uwa huɗu ce, nauyi kaɗai ya raba su: 204, 206, 207 da 208. Su ake kira aisotof. Ukun ƙarshe kan ƙaru a dutse sanadin rikiɗewar yuraniyom da toriyom, shi ya sa dalmar kowace mahaƙa take da nata haɗin.

Da farko ka ɗebi ruwan, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Nemi gorar roba da aka wanke da asid, sa safar hannu, kada ƙarfe ya taɓa ruwan. Ɗebi a sama da inda kake zargi, ɗebi a ƙasa. Ka riƙe gora ɗaya ta tsarkakakken ruwa, ka yi mata duk abin da ka yi wa sauran. In ita ma ta nuna dalma, daga hannunka ne.

Na biyu, tace shi da matacin maikuron 0.45, ka ɗiga asid ɗin naitirik don kada dalmar ta manne wa gora.

Na uku, sai na'urar ICP-MS, wato sikelin ƙwayar zarra. Tana fesa ruwan cikin harshen iskar agon mai zafin da ya haura digiri 6,000, ƙwayoyin su ɗauki caji, sanduna huɗu na ƙarfe su riƙa sakin su nauyi-nauyi ana ƙirgawa. Kafin nan a gwada ta da dalmar awo, NIST 981, domin takan fifita masu nauyi. A kula da 204: ba ta da yawa, kusan kashi 1.4 cikin ɗari, ga zaiba mai nauyi iri ɗaya da ke shigar mata.

A ƙarshe raba adadin 206 da na 207, sannan 208 da 206. Ka auna guntun batiri, ƙurar bakin titi da dutsen bakin rafi haka nan, ka jera sakamakon a zane ɗaya. Ruwan zai faɗi kusa da asalin dalmarsa, ko tsakanin biyu in gauraye ne.