Wace manhaja ta fi dacewa da zane da rubutun hannu?

Tambaya: Ni ɗalibin zane ne, ina son rubuta darasi a kwamfutar hannu. Wace manhaja zan sauke?

Amsa: Ƙanena, fara gwada alƙalamin kwamfutar tukuna. In ka ɗora tafin hannunka kan gilashin ya bar tabo a shafi, ko layi yana bin bakin alƙalami a makare, babu manhajar da za ta cece ka. Procreate ta yi fice wajen zane, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, amma sai mai iPad, kuma Apple Pencil daban ake sayensa. Ga aljihun ɗalibi, na fi karkata ga Samsung: S Pen yana rubutu ba sai an yi masa caji ba, ga mu da matsalar wuta. Samsung Notes ta ishe ka darasi. Zane kuwa, sauke Krita, kyauta ce.