Amsar Tambaya: Gasar Alkafura a Firamare

Tambaya: Hedimasta ya ɗora mini shirya wa yara gasar alkafura da lanƙwasa jiki. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki fara da inda za su dira. Kada yaro ya yi alkafura a kan siminti. In babu katifun wasa, a jera na kwana, a ɗaure su don kada su zame. Ki raba yaran bisa shekaru, ɗan shekara 7 ba sa'an ɗan 12 ba ne. Alƙalai uku sun isa, amma kada malami ya ba ɗan ajinsa maki, daga nan rigima kan tashi. A yi da safe, bayan sun ɗumama jiki. Juyi a iska kuwa, ki hana shi sam, sai da ƙwararren mai horarwa a wurin. Ki karɓi izinin iyaye a rubuce tun kafin ranar.