Dinari Biyu da Alkawari: Wa Zai Biya Kuɗin Renon Yaron da Aka Ceto?

Darasi domin nazari a majami'u da ƙungiyoyin Ikilisiya na yankin Gwarzo da Kabo

A karanta: Luka 10:25-37, 2 Sarakuna 4:1-7

Dukanmu mun san misalin Basamariye mai tausayi tun muna ajin koyon baftisma. Mun san mutumin da 'yan fashi suka tare a hanyar Urushalima zuwa Yariko, mun san firist da Balawi da suka ratse suka wuce, mun kuma san baƙon da ya ɗaure raunukan ya ɗora mutumin a kan dabbarsa. Amma Ubangijinmu bai rufe labarin a bakin hanya ba. Ya kai mu har masauki, inda washegari Basamariyen ya ciro dinari biyu ya ba mai gidan, sa'an nan ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da za a ƙara kashewa idan ya komo. Dinari ɗaya a wancan zamani ladan yini ne na ɗan ƙwadago. Ashe tausayin nan yana da lissafi, yana kuma da gobe. Darasinmu na yau a kan wannan lissafi yake, game da yaran da masu fataucin mutane suka ɓata wa rayuwa.

Yadda ake ɗauke yara

A ƙauyukanmu mai fataucin yara da sallama yake shigowa, sau da yawa kuwa sananne ne. Bayan kaka, sa'ad da aikin gona ya ƙare, magidanta da yawa suka tafi ci-rani, sai wata mace ta zo daga birni ta ce akwai gidan da ake neman yarinya 'yar aikatau. Za a ciyar da ita, a sa ta makaranta, a riƙa aiko wa uwarta kuɗi duk wata domin tara kayan ɗaki. Uwa ta dubi rumbu, ta dubi sauran yara, ta tuna cewa daga Gwarzo ko Kabo zuwa Kano tafiyar mota ce ta ɗan lokaci, sai ta yarda. Daga baya kuɗin ya tsaya a hannun dillaliya, makaranta babu, yarinya ta tashi kafin kowa ta kwanta bayan kowa, a sauya mata gida ba da sanin iyayenta ba, har a wayi gari ba wanda zai iya nuna ƙofar da take.

Riƙo al'ada ce mai kyau, marayu da yawa sun girma a hannun gwaggo ko kawu sun zama mutane. Abin da ya raba riƙo da fatauci shi ne yaudara, da cuta, da ribar da wani yake ci daga gumin yaro. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ƙulla a Palermo a 2000 ta tabbatar cewa idan wanda aka ɗauka domin a ci da guminsa bai kai shekara 18 ba, laifi ya tabbata ko da ba a tilasta masa ba. Dokar Nijeriya ta 2015 kuma ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida.

Wani lokaci abin yakan wuce aikatau. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 daga cikinsu yara ne, mafi yawansu kuwa daga yankin Kance na ƙasar Damagaram, Hausawa 'yan'uwanmu, a hanyar da ake bi da mata da yara zuwa bara. A watan Oktoba na 2019 kuma 'yan sandan Kano suka sanar da gano yara tara da aka sace daga unguwannin birnin aka kai Anaca a Jihar Anambra aka sayar. An sauya musu sunaye, an raba su da addinin iyayensu, wasunsu har sun manta da Hausa. A 2021 babbar kotun jiha ta yanke wa jagoran masu laifin ɗaurin shekara 104. Mu faɗa a sarari domin maƙwabtanmu Musulmi su ji daga bakinmu: wanda ya saci yaro ya saɓa wa Allah, ko da wane suna yake amsawa, ko a wace majami'a yake zama. Dokar Musa a Fitowa 21 ta sa satar mutum cikin laifofin da hukuncinsu kisa ne, Ikilisiya kuwa ba ta yarda a saci mutum domin a ba shi bangaskiya ba.

Bayan ceto fa?

Ranar da aka dawo da yaro akan yi murna, a yi guɗa, mutane su watse. Daga nan ne aikin masauki yake farawa. Yaron yana bukatar likita ya duba shi, gama akwai cututtuka da raunukan da ba a gani da ido. Yana bukatar abinci da sutura. Ana bukatar kuɗin mota domin neman danginsa. Yana bukatar komawa makaranta, da kayan makaranta da littattafai, a ajin da sa'o'insa suka riga suka wuce. Idan kuwa ya girma, a sa shi koyon ɗinki ko kafinta ko gyaran babur, a biya maigidan sana'ar. Yana bukatar babban mutum mai haƙuri da zai saurare shi sa'ad da yake firgita da dare, ko ya yi kwanaki ba ya magana. Sa'an nan akwai gidan da ya fito. Idan yunwa da bashin da suka fitar da shi suna nan, dillaliya za ta komo baɗi, ko dominsa ko domin ƙanwarsa.

A Markus 5, bayan Yesu ya ta da 'yar Yayirus, abin da ya umarta shi ne a ba yarinyar abinci. Mu'ujiza tasa ce, tukunya kuwa ta mutanen gida. Kalmomin Aramiyanci da ya ta da ita da su ne Sistoci na duniya suka ɗauka suka raɗa wa haɗin gwiwarsu na yaƙi da fataucin mutane, Talitha Kum, wanda aka kafa a 2009.

Mu tuna da Waliyya Josefin Bakhita. An sace ta tana ƙarama a ƙasar Darfur ta Sudan, aka sayar da ita sau da yawa, firgici ya sa ta manta sunan da iyayenta suka raɗa mata. A 1889 kotu a Italiya ta tabbatar da 'yancinta. Amma hukuncin kotu bai ba ta wurin kwana ba. Sistocin Kanossa ne suka karɓe ta, suka ciyar da ita, suka koyar da ita, har ta zama ɗaya daga cikinsu. Ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya sa ta cikin waliyyai a 2000, tun 2015 kuma Ikilisiya ta keɓe ranar tunawa da ita domin addu'a a kan fataucin mutane.

Daga ina kuɗin zai fito?

Na farko akwai gwamnati, wannan kuwa hakki ne, ba roƙo ba. Tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, tana da ofishi da gidan ajiye waɗanda aka ceto a Kano. Doka ta tanadi asusun amana domin waɗanda aka cuta, wanda dukiyar da aka ƙwace daga masu laifi ke shiga. A 2023 Jihar Kano ta kafa dokarta ta kare yara, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da sashen jin daɗin jama'a. Ya kamata shugabanninmu su san waɗannan ƙofofi, su ƙwanƙwasa ba da jin kunya ba. Duk da haka zaman gidan ceto na ɗan lokaci ne. Bayan makonni yaron zai koma Getso ko Garo ko wani ƙauye mai nisa da kwalta, jami'in birni kuwa ba zai iya zuwa kowane mako ya ga ko yana makaranta ba.

Na biyu akwai taimakon ƙetare da na ƙungiyoyin Ikilisiya, irin su Caritas da Hukumar Adalci, Ci Gaba da Zaman Lafiya ta dayosis. Sistocin Nijeriya ma tun 1999 suka kafa kwamitin kare mutuncin mata a birnin Benin domin karɓar waɗanda aka dawo da su daga Turai. Muna gode wa Allah dominsu. Amma kuɗin ƙetare yana da wa'adi, yana kuma bin iskar siyasar ƙasar da ya fito. A 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan taimakon da take bayarwa ta hukumar USAID, ayyuka masu yawa a ƙasashenmu suka tsaya cak. Yaron da ya shiga aji uku ba zai iya jira sai wata ƙasa ta sake shawara ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na uku, mu ne.

Tulunan maƙwabta

Karatunmu na biyu labarin wata gwauruwa ne wadda mai binta bashi yake shirin ɗauke 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Annabi Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida. Ɗan mai ne kaɗai. Ya aike ta ta aro tuluna daga maƙwabta, da yawa. Man ya yi ta zuba har tulun ƙarshe ya cika, sa'an nan ya tsaya. Ta sayar, ta biya bashin, ita da 'ya'yanta suka rayu da ragowar. Mu lura: yawan albarkar ya bi yawan tulunan da maƙwabta suka bayar, yaran kuwa sun tsira tun ba a ɗauke su ba.

Saboda haka muna ba da shawara kowace majami'a, da iznin Fada da majalisar Ikilisiya, ta kafa asusun yara mai ɗorewa. Buhun dawa kwano 40 yake ci. Idan gidaje 40 suka kawo kwano ɗaya-ɗaya ranar godiyar kaka, buhu ya cika. Idan mutum 50 suka ajiye naira 100 kowace Lahadi, a shekara an tara naira 260,000. Matasa za su iya noma gona guda da gayya su keɓe amfaninta. Zumuntar Mata za ta iya sa hannu ɗaya a adashinta da sunan asusun. Yara ma suna da rabo, gama ƙungiyar Yarantaka Mai Tsarki da aka kafa a Faransa a 1843 da ƙananan kuɗin yara ta tashi, yara suna taimakon yara. A kuma keɓe baikon Lahadin da ta fi kusa da 8 ga Fabrairu. Haka Manzo Bulus ya koya wa Korintiyawa, kowa ya riƙa ajiye wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, kada sai bukata ta zo a fara neman gudummawa.

Ƙa'idodin amana

1. Mutum uku ne za su riƙe asusun, mace ɗaya aƙalla a cikinsu. Kome ya shiga ko ya fita a rubuta, a karanta lissafi gaban jama'a duk wata uku. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawa shi kaɗai ba, domin kada a sami abin zargi.

2. Asusun na kowane yaro ne, Kirista ko Musulmi ko mai bin al'adar kakanni. Ba a sauya wa yaro suna, ba a taɓa addinin iyayensa. Basamariye bai tambayi mai rauni inda yake sujada ba.

3. Ba a ɓoye yaro a gidan kowa, ko da kyakkyawar niyya. A sanar da mai unguwa da dagaci, da 'yan sanda ko NAPTIP, a yi aiki tare da limamai da dattawan gari. Burinmu yaro ya koma cikin danginsa idan babu haɗari.

4. A rufa wa yaro asiri. Ba a tsayar da shi gaban majami'a domin a tara kuɗi, ba a yaɗa hotonsa, ba a ambaton sunansa a lissafi.

5. A biya makaranta ko asibiti ko maigidan sana'a kai tsaye. A kuma ware wani kashi domin rigakafi: hatsi ga gwauruwa a tsakiyar damina sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ko ɗan jari na ƙuli-ƙuli ko kiwon akuya, domin ta iya cewa dillaliya a'a.

6. Kada a ɗauki yara fiye da ƙarfin asusun. Gara a riƙe biyu har su gama makaranta da a fara da goma a sake su a tsakiyar hanya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Yara nawa daga unguwarmu suke aikatau a birni yanzu? Wa ya gan su da idonsa cikin wata ukun da suka wuce?

2. Me yake sa iyaye su ba da 'ya'yansu, kuma wane ɓangare na wannan ne majami'armu za ta iya ɗauke musu?

3. Wane tulu ne gidana zai bayar a wannan shekara: hatsi, kuɗi, aikin gayya, ko koyar da sana'a?

4. Su wa za mu amince wa su riƙe asusun, kuma yaushe za a karanta lissafi na farko?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai ne ka kasance tare da Yusufu sa'ad da 'yan'uwansa suka sayar da shi. Ka tuna da yaran da suke kwana yau a gidajen da ba nasu ba, ka komo da su lafiya, ka ta'azantar da iyayensu, ka juyo da zukatan masu cin riba da su. Ka ba mu hannun bayarwa da gaskiyar riƙon amana, domin mu cika alkawari ga kowane yaron da ka sa a hannunmu. Waliyya Josefin Bakhita, ki yi addu'a dominmu. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.