ALBASHIN TAKARDA DA ALBASHIN HANNU

Sau da yawa saurayi ya kan sami aiki, a gaya masa albashinsa Naira 150,000 ne a wata. Sai ya yi murna, ya kama ɗaki, ya ci bashin babur, ya yi wa iyayensa alkawari. Da wata ya ƙare sai ya ga kuɗin ba su cika ba. Ya ce an cuce shi. Bari mu duba ko gaskiya ne.

Kowane manomi ya sani dami dabam ne, tsaba kuwa dabam. Haka albashi ya ke. Akwai albashin takarda, watau dukan kuɗin da aka shirya da mai aiki. Akwai kuma albashin hannu, watau abin da ya saura bayan an cire abin da za a cire. Da na biyun nan ne mu ke cefane.

Abin da doka ta ke cirewa

Na fari shi ne fansho. Bisa ga dokar fansho ta Nijeriya ta 2014, a kan cire kashi 8 cikin 100 na ainihin albashi duk da kuɗin gida da na sufuri. Mu ɗauka albashin saurayin nan duka irin wannan ne. Nasa Naira 12,000 ke nan. Mai ba da aiki kuma wajib ne ya ƙara kashi 10 cikin 100 daga aljihunsa, watau Naira 15,000. Kuɗin nan ba su ɓata ba, an zuba su a rumbu ne domin tsufa, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu shi ne haraji. Mai ba da aiki ya kan cire shi kowane wata, ya kai ofishin haraji na jihar da ma'aikacin ya ke zaune. Sabuwar dokar haraji ta 2025 ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026. A ƙarƙashinta ba a biyan kome a kan Naira 800,000 na fari a shekara. Naira 2,200,000 da ke biye da su a kan biya kashi 15 cikin 100.

To, mu yi lissafi tare. Albashinsa a shekara Naira 1,800,000 ne. A fitar da fansho tukuna, Naira 144,000, saura 1,656,000. A fitar da 800,000, saura 856,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 128,400 a shekara, watau 10,700 a wata. In mun cire 12,000 da 10,700 daga 150,000, albashin hannunsa Naira 127,300 ne. Ashe ba a cuce shi ba.

Dokar nan ta yi wa mai haya rangwame: ba a sa haraji a kan kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa na shekara, muddin rangwamen bai wuce Naira 500,000 ba. In saurayin yana biyan hayar Naira 200,000, ya kuwa sanar da ofis, harajinsa zai ragu da Naira 500 kowane wata. Wanda ya yi shiru ba ya samu.

Abin da mu da kanmu mu ke sa a cire

Nan ne yawancinmu mu ke tuntuɓe. Saurayin ya shiga ƙungiyar gama kai, a kan cire 10,000. Rancen babur kuma 15,000. Yanzu abin da ya ke kai gida Naira 102,300 ne. Na ƙungiya ajiya ce, za ta komo masa. Na rance kuwa hatsi ne da ya riga ya ci tun bai nuna ba. Wanda ya auna bashi da albashin takarda, ba da na hannu ba, yaransa ne za su ji a cikinsu tun watan bai yi nisa ba.

Abin da ya kamace mu

Ran da za a ɗauke mu aiki, mu tambaya a fili: "Wannan na takarda ne ko na hannu?" Kowane wata mu karɓi takardar albashi, mu karanta layi layi, mu ajiye ta. In mun ga abin da ba mu gane ba, mu je wurin akawu da ladabi, gama matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan mu riƙa duba asusun fanshonmu. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi. Na saurayin nan Naira 27,000 ya kamata su shiga kowane wata. In ana cirewa amma ba su shiga ba, wannan ita ce cuta ta gaske, sai a kai ƙara wurin hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Kada mu bari sai mun yi furfura kafin mu ga rumbun wofi ne.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin albashin takarda da albashin hannu?
2. Cikin abin da a kan cire maka, wanne ne zai komo hannunka?
3. Yaushe rabonka da duba asusun fanshonka?